Yaya id Software ta tsaya da ƙafarta shekara 18 ba uban gida?

Sabon_Shiga:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya gare ni kan id Software, kamfanin nan na Amurka da ya yi Wolfenstein 3D da Doom da Quake. An ce samari huɗu suka kafa shi a 1991, ba banki, ba attajirin da ya zuba musu jari, kuma bai shiga hannun kowa ba sai 2009. Abu biyu ne suka ɗaure min kai. Na farko, da wane kuɗi suka riƙa riƙe kansu, tunda a lokacin babu Steam babu Play Store, intanet ma sai ka je jami'a? Na biyu, kwamfutocin lokacin masu furosesar 386 da 486 ba su da katin zanen 3D, to ta yaya Doom yake gudu a kansu ba ya sarƙewa? Wanda ya san abin daki-daki ya taimaka, har da inda ya ɓaci musu, don na ga waɗanda suka kafa shi duk sun watse.

Tsohon_Dillali:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Bari in ɗauki ta kuɗin, ta injin akwai waɗanda suka fi ni.

Kafin a yi id, John Carmack da John Romero da Tom Hall da Adrian Carmack ma'aikatan Softdisk ne a Shreveport, jihar Louisiana. Adrian ba ɗan'uwan John ba ne, suna ne kawai ya zo ɗaya. Softdisk mujalla ce ta faifai: ka biya kuɗin rajista, a riƙa aiko maka da fulofi cike da manhajoji. Sashen wasanninta, Gamer's Edge, dole ya fitar da sabon wasa duk wata biyu. Wannan matsin shi ne makarantarsu. Wanda ya saba gama wasa cikin sati takwas ba ya tsayawa ƙawa, ya san abin da zai yanke.

A Satumban 1990 John Carmack ya gano yadda hoto zai riƙa zamewa gefe sumul a PC kamar a na'urar Nintendo. Suka kwaikwayi farkon Super Mario Bros. 3 suka aika wa Nintendo. Aka yaba musu, aka ce ba a da niyyar kai Mario kan PC. Wanda ya ga kuɗi a abin shi ne Scott Miller na Apogee a Texas, mutumin da ya riƙa aika wa Romero wasiƙun yabo da sunaye daban-daban daga adireshi ɗaya don kawai ya ja shi su yi magana ba tare da Softdisk ta farga ba. Ya ba su kafin alƙalami na dala 2,000, suka yi Commander Keen cikin kamar wata uku, dare da ƙarshen mako, ya fita ranar 14 ga Disamban 1990.

Sirrin yana cikin yadda aka sayar. Tsohon tsarin da ake kira shareware shi ne a ba ka manhaja dukanta kyauta, a roƙe ka ka aiko da wani abu in ka ji daɗinta. Kaɗan ne ke aikowa. Miller sai ya raba wasa kashi uku, na farko kyauta, sauran biyun sai da kuɗi. Ɗanɗanon mai tsire ne, sai dai shi sulusin tsiren yake miƙo maka, kuma labarin yana tsayawa daidai inda ranka ya biya. Kashin kyauta mutane ne ke yaɗa shi da kansu, a fulofi hannu da hannu da kuma BBS, kwamfutocin nan da ake buga wa waya ta modem a sauke fayil. Mai son cikon ya buga waya ko ya aiko da ceki, dala 30 ga Keen duka ukun, a aika masa ta gidan waya. Ba kason mai shago, ba kuɗin talla, ba kwalayen da za a dawo da su in ba su shiga ba. Cekinsu na farko dala 10,500 ne, kuma a kansa suka kafa id ranar 1 ga Fabrairun 1991.

Akwai ƙura a nan: kwamfutocin Softdisk suke ɗauka su kai gida a ƙarshen mako su yi aikin Keen. Maimakon kotu sai aka yi sulhu, su ci gaba da kai wa Softdisk wasa duk wata biyu na wani lokaci. Bashi ne, amma a cikin biyansa Carmack ya gwada 3D da Hovertank 3D da Catacomb 3-D, duk a 1991.

A farkon 1992 Ken Williams na kamfanin wasanni Sierra ya taya id dala miliyan 2.5. Suka nemi ya ba da 100,000 a hannu tukun, ya ƙi, ciniki ya watse. Wolfenstein 3D ya fita ranar 5 ga Mayun 1992 ta hannun Apogee, cekin farko da ya kawo musu kuwa kusan wannan 100,000 ɗin ne.

Da Doom suka ajiye Apogee, don layukan wayarta ba sa ɗaukar yawan masu oda, kuma duk kiran da ba a ɗaga ba ciniki ne ya tafi. Jay Wilbur, mai kula musu da kasuwanci, ya ce wa masu shaguna su kwafi kashin kyauta su sayar, su riƙe kuɗin duka. Kamar asara ce, amma kowane shago ya zama ɗan tallarsu. Cikakken wasan dala 40 ne, kai tsaye daga id. Doom II kuma a shaguna aka sayar da shi a 1994 ta hannun GT Interactive, ba kashin kyauta, don a lokacin sunan ya riga ya yi musu talla.

Yar_Lissafi:

Malam ya gama da kuɗi, ga ta injin. Amsar a taƙaice: ba su taɓa sa kwamfuta ta yi cikakken aikin ba. Kowane wasa akwai abin da suka haramta wa mai zana matakai, kuma da wannan haramcin ake sayen gudu.

Keen tukun. Katin hoto na EGA yana nuna ɗigo 320 a kwance, 200 a tsaye, launi 16. Furosesar lokacin ba za ta iya sake zana wannan duka sau da yawa a daƙiƙa ba. Amma memorin katin ya fi abin da allo ke nunawa, kuma ana iya gaya wa katin daga wane wuri zai fara karantawa, har a gusa hoton ɗigo-ɗigo. Sai Carmack ya zana fili da ya ɗan fi allo faɗi, ya riƙa gusa wurin farawa. In gusawar ta kai faɗin tayil ɗaya, ɗigo 16, sai a koma tsakiya a sake zana tayil ɗin da suka canza kawai. Sararin sama shuɗi ne ko'ina, tayil shuɗi ya gaji shuɗi, ba a taɓa shi. Shi ya sa bangon bayan Keen na farko fili ne fetal. Da an cika shi da ado, da dabarar ta mutu.

Wolfenstein kuma taswirarsa gida-gida ce kamar ta dara, 64 sau 64, kowane gida ko bango ne ko fili. Ga kowane layin tsaye na allo ana harba zare ɗaya daga idon ɗan wasa, ya bi gidajen har ya ci karo da bango. Nisan ne ke faɗin tsayin da za a zana bangon a wannan layin. Zare ɗari uku da ɗoriya ke nan a kowane hoto, ba dubbai ba. Inda masu koyo ke faɗuwa: in ka ɗauki tsawon zaren yadda yake, bango zai lanƙwashe kamar ana kallonsa ta gindin kwalba, don zaren gefe ya fi na tsakiya tsawo. Nisan da ke miƙe daga fuskar allo ake ɗauka. Farashin gudun shi ne bango duka tsayinsu ɗaya, kusurwa duka a miƙe, ƙasa da rufi launi ɗaya ba zane, haske ɗaya ko'ina. Da haka ya yi gudu har a 286.

Doom ya cire yawancin waɗannan, amma shi ma taswirarsa shimfiɗaɗɗiya ce, kamar zanen filin gida da ake kallo daga sama. Ana zana layuka, layukan su kewaye yanki, kowane yanki a ba shi lambar tsayin ƙasa, lambar tsayin rufi da ƙarfin haske. Matakala yankuna ne a jere, kowanne ya ɗara na baya tsayi. Ƙofa yanki ne da rufinsa ya sauko ya taɓa ƙasa, buɗewarta ɗaga rufin ne, shi ya sa ƙofofin Doom sama suke yi, ba gefe ba.

Babbar matsalar ita ce sanin wane bango ne ke gaban wane. Nan BSP ya shigo, wato dabarar raba fili biyu-biyu. Kafin a saki taswira, wata manhaja tana ɗaukar layi ɗaya ta raba taswirar biyu da shi, ta sake raba kowane ɓari, har sai guntayen da suka rage ba su da lungu. Sakamakon bishiya ce da ake ajiyewa cikin fayil. Lokacin wasa, a kowane reshe tambaya ɗaya ce: ɗan wasa yana wane ɓari? A fara zana ɓarinsa. Da haka bango ke zuwa a jere daga na kusa zuwa na nesa ba tare da an tsaya tantancewa ba. Injin yana riƙe da lissafin layukan allon da bango ya riga ya toshe, allo na cika sai ya tsaya, sauran taswirar ko kallonta ba ya yi. Nauyin aikin an yi shi tun a ofis, a kwamfutocin NeXT da suke aiki da su. Carmack bai ƙirƙiro BSP ba, a takardun masana ya same shi, ya fara gwada shi a Wolfenstein na Super Nintendo. Kuma tunda an raba taswirar tun farko, bango ba ya iya matsawa gefe.

Sauran tsimi: lissafi duka da cikakkun lambobi ne, bit 32 a raba, 16 na cikakkiyar lamba, 16 na gutsurenta, don yawancin 386 ba su da sashen lissafin lambobi masu gutsure. Launi 256 ne, duhu kuma ba lissafa shi ake yi ba, akwai jadawali mai matakin haske 32 da ke cewa launi kaza a duhu kaza ya koma launi kaza. Dodanni hotuna ne shafaffu, an ɗauki wasunsu daga mutum-mutumin yumɓu da na roba ta kusurwa takwas. Wasan yana bugawa sau 35 a daƙiƙa, rabin 70 na allon VGA. Da RAM megabait 4 yake tashi, amma a 386 sai ka rage girman tagar kallo. A 486 yake sakewa.

Sabon_Shiga:

Na gode Malam, na gode Malama, Allah ya ƙara sani. To in taswirar shimfiɗaɗɗiya ce, ke nan ba a iya yin bene, ɗaki a kan ɗaki? Kuma me ya sa ake cewa wasu taswirorin da mutane suka zana suna kashe wasan?

Mai_Zanen_Taswira:

Ba a iya yi, ɗan'uwa. Kowane wuri a taswira ƙasa ɗaya gare shi da rufi ɗaya. Abin da ka gani kamar gada a tsohon Doom dabara ce, galibi ƙasa ce ke ɗagowa ko sauka lokacin da ba ka kallo. Ba a kuma ɗaga kai sama ko ƙasa, shi ya sa harsashi ke nemo dodon da ke kan tudu da kansa. Haka nan ba ka iya tsallake kan dodo ko da yana can ƙasa da kai, don wajen karo injin yana ɗaukarsa kamar ginshiƙi marar iyaka.

Mutuwar wasan kuwa daga ma'ajiyoyi masu ƙayyadadden girma take. Shimfiɗun ƙasa da rufi da ake gani a hoto ɗaya ba za su wuce 128 ba. Duk bambancin tsayi, zane ko haske sabuwar shimfiɗa ce, kuma guda ɗaya tana iya tsagewa biyu in wani abu ya gitta ta. Ka yi babban fili mai matakala da yawa da haske kala-kala, ka tsaya inda ake hango su duka, wasan ya mutu ya tofo ka DOS, tsarin da kwamfutar ke gudana a kai. Maganinsa a sa bango ko kwana da zai katse hangen, ko a daidaita haske da zanen yankunan da ke maƙwabtaka don su haɗe. Guntayen bango kuma iyakarsu 256 a sigar ƙarshe ta DOS. In an wuce, ba ya mutuwa, sai dai na nesa ba a zana su, tsohon hoto ya riƙa maimaituwa a wurin kamar madubi na kallon madubi. Irin wannan ne ke faruwa in ka manta sa zane a jikin bango. Taswira mai kaya da yawa kuma tana kashe wasan wajen ajiye ci gaba, don wurin ajiyar bai wuce kilobait 180 ba.

Su id ba su cika cin karo da wannan ba tunda da iyakar suke zane. Mutanen waje ne suka riƙa fasa ta, kuma da gangan aka bar musu ƙofa. Zane da sauti da taswira duk suna cikin fayil ɗin WAD, daban da injin, ana ɗora ƙaramin WAD a kan babban ba tare da an taɓa na asali ba. Roƙon da id ta yi shi ne kada a yi taswirar da za ta yi aiki da kashin kyauta, sai da wanda aka biya. Ka ga kowace sabuwar taswira ta zama dalilin sayen wasan. Daga cikin masu zanen nan suka ɗauki Tim Willits aiki, kuma Final Doom na 1996 aikin mutanen waje ne.

Wasan mutum huɗu a kwamfutocin da aka haɗa da waya shi ma da nasa. Ba a aika matsayin kowa ta waya, maɓallan da kowa ya danna kawai ake aikawa, kowace kwamfuta ta lissafa duniyar da kanta. Har sa'a ba sa'a ba ce, jeri ne na lambobi 256 da ake bi ɗaya bayan ɗaya. In sigar wani ta bambanta ko da kaɗan, sai duniyoyin su rabu, kai kana ganin ka kashe shi, shi yana ganinka kana harbin bango. Kuma mai kwamfuta mafi rauni shi ke ja wa kowa birki. Sigar farko, wadda aka ɗora a sabar Jami'ar Wisconsin ranar 10 ga Disamban 1993 har cunkoso ya durƙusar da ita, tana watsa saƙonta ga duk kwamfutar da ke layin, mai wasa da marar wasa. Ofisoshi da jami'o'i suka riƙa hana shi saboda yana toshe musu layi, sai a siga ta 1.2 aka gyara.

Injiniya_Kwana:

Ina da ɗan gyara ga taken, da izinin Malam Dillali. Ba wai ba su taɓa aiki da manyan kamfanoni ba ne. Apogee, FormGen, GT Interactive, daga baya Activision tun daga Quake II, duk sun yi musu dillancin wasa. Bambancin shi ne id ke biyan kuɗin aikinta daga aljihunta, sunan wasa da injin nata ne, ɗan kasuwa dako kawai yake yi. Wanda bai karɓi kuɗinka ya yi aiki ba, ba ka sa masa ranar gamawa. Ga kuma kuɗin hayar injin: Raven ta yi Heretic da Hexen a kan na Doom, Half-Life na Valve a 1998 daga na Quake ya samo tushe, Call of Duty na farko a 2003 a kan na Quake III aka gina shi.

Inda ta fara tsagewa kuwa tun kafin Doom ya fita ne. Tom Hall ya rubuta dogon tsari mai labari da jarumai, Carmack yana ganin labari ba shi ne wasan ba, aka sallami Hall a 1993, Sandy Petersen ya ƙarasa matakan. Wannan tsarin, injin a gaba, zane ya biyo baya, ya yi aiki muddin injin yana fitowa da wuri.

A Quake bai fito da wuri ba. Cikakken 3D ne, ɗaki a kan ɗaki, dodanni masu jiki, ya ci fiye da shekara ko da gwanin manhajar zane Michael Abrash ya zo taimako. Taswira sai ta bi manhaja uku: mai gina bishiyar BSP, mai lissafa haske ta ajiye shi, da mai lissafa daga kowane lungu waɗanne lunguna ake iya hangowa. Ta ukun tana cin sa'o'i, kuma in akwai 'yar ɓaraka da ta buɗe taswira zuwa waje, ba za ta yi aiki ba sam, wasan ya riƙa ja da ƙyar. Wajen zanen bango, rabawar da ke daidaita hangen nesa sau ɗaya ake yinta duk ɗigo 16, a bar sashen lissafin lambobi masu gutsure na furosesar Pentium yana yinta yayin da ɗaya sashen ke zane. Furosesar Cyrix da 486 ba sa iya haɗa biyun yadda ya kamata, Quake ya tona musu asiri.

Duk tsawon wannan lokacin masu zanen matakai suna gini a kan injin da ke canzawa, suna zubarwa. Tsarin Romero na jarumi mai guduma aka ajiye shi, aka koma harbi irin na Doom don a samu a gama, aka tara kowa a ɗaki ɗaya. Shi ya sa matakan Quake ba su da haɗi, sansanin soja nan, tsohuwar fada can. Ya fita ranar 22 ga Yunin 1996, zuwa Agusta Romero ya bar kamfanin, ya je suka kafa Ion Storm da Hall. Abrash da Wilbur ma suka tafi, Petersen ya bi su a 1997.

Ta fuskar kasuwa ma sun yi tuntuɓe. Sun sayar da CD na kashin kyauta a dala 9.95, cikakken wasan yana ciki a kulle, ka buga waya ka biya a ba ka lambar buɗewa. Ba a jima ba aka fasa kullen, manhajar da ke ƙirƙiro lambar ta bazu, faifan ɗanɗano ya zama cikakken wasa a farashin banza.

Sayarwar 2009 kuma lissafi ne. Duba tazarar: Quake III a 1999, Doom 3 a 2004, Rage sai 2011. Kamfanin da ke yin wasa ɗaya a lokaci guda, da ma'aikata masu yawa, yana biyan albashin shekara biyar ko fiye kafin kuɗi ya shigo, wasa ɗaya ya faɗi an shiga uku. Kasuwar hayar injin kuma injin Unreal na kamfanin Epic ya kwashe ta, don su sun ɗauke ta sana'a, da kayan aiki da masu amsa tambayar abokan ciniki, abin da id ba ta taɓa son yi ba. ZeniMax, uwar kamfanin wasanni Bethesda, ta saye su a Yunin 2009. Adrian Carmack ya riga ya fita tun 2005, John Carmack ya koma Oculus, masu gilashin VR, gaba ɗaya a ƙarshen 2013, Microsoft kuma ta haɗiye ZeniMax ɗin a 2021 kan dala biliyan 7.5.

In kana son ganin abin da Malama ta bayyana da idonka, asalin rubutun injin Doom a buɗe yake tun Disamban 1997, aka mayar da shi ƙarƙashin lasisin GPL, mai barin kowa ya gyara ya raba, a 1999. Sigar Linux ce suka saki, ba ta DOS ba, saboda manhajar sautin DOS ɗin ta wani ce suka yi haya. Fara da r_bsp.c, gajere ne, sannan r_plane.c, a nan za ka ga lambar 128 ɗin da Mai Zane yake kuka da ita.